Mai Lambu, Auna Rijiyarka Tun Bazara Ba Ta Auna Ka Ba

Mai lambu, yaushe rabonka da auna rijiyarka? Na san kana leƙa ta kullum. Aunawa nake tambaya. Ɗauko igiya. Ɗaura mata dutse. Zura ta da asuba kafin ka tayar da inji. Inda dutsen ya taɓa ruwa, ƙulla alama a bakin rijiya. Bayan kwana 7 ka sake. Idan ƙulli na biyu ya yi wa na farko nisa da taƙi ɗaya ko kamu ɗaya, to ruwanka ya fara tafiya. Kuma ba zai dawo ba sai damina ta zauna.

Hunturu ya tattara nasa ya nasa. Hazo ya washe. Sanyin asubar da ke rufa mana asiri tun Disamba ya ɗauke. Bazara ce a bakin ƙofa. Ka ƙirga kwanakin da suka rage? Daga farkon Maris zuwa lokacin da ruwan sama ke kankama a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, wata uku ne cur, wani zubin har da ɗoriya. Kwana 90 ke nan ko fiye. A cikinsu akwai Afrilu. Kowa ya san Afrilu. Zafin rana yana kai digiri 40, a Sakkwato ma wannan abincin yau da kullum ne. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ƙasa ɗaya muke takawa da su, iska ɗaya ke kaɗa mu. Rijiyarka tana da ruwan kwana 90? Ka tabbata? Da me ka tabbatar?

Dubi abin da ke gabanka. Igiyar guga ta ƙara tsawo, ko ba ka lura ba? Inji ya fara tari, yana shaƙar iska, yana tofo ruwa guntu-guntu. Ruwan yana fitowa da yashi. Rijiyar da kan cika cikin awa ɗaya bayan an kwashe ta, yanzu sai ta kwana. Bakin fadama ya tsattsage, har hannun yaro yana shiga. Furen tumatir yana zube a gindi. Wani farin abu kamar kanwa ya fito a bakin fangali. Maƙwabcinka da ba ya zuwa lambu da dare, ga shi yanzu da tocila. Duk waɗannan suna faɗa maka magana ɗaya. Kana ji?

Akwai laushin ganye iri biyu, kuma dole ka bambance su. Kabewa da kokwamba da tattasai sukan sunkuyar da kai da tsakar rana ko da akwai laima a ƙasa. Da la'asar sakaliya su miƙe. Wannan kare kai ne, kada ka ruga da tiyo. Amma ka je da asuba. Idan gari ya waye ganye yana langaɓe, dare guda bai ishe shi farfaɗowa ba, to ƙishirwa ta kai saiwa. Shukar da ta kwana uku a haka, ko ta rayu, ba za ta ba ka abin da ka sa rai ba.

Zauna mu yi lissafi. Kada ka ce ba ka iya ba, kai da ke lissafin kwando da dillali. A tsakiyar bazara, kowace murabba'in mita ta lambu mai cikakken ganye tana shan lita 6 zuwa 8 a rana, tsakanin abin da ganye ke fitarwa da abin da rana ke tsotsewa. Fangali mai faɗin mita 2, tsawon mita 3, yana bukatar kamar lita 40 kullum. Jarka biyu ba kaɗan. Kana da fangali 50? Lita 2,000 ke nan. Duro 10 na mai lita 200. Kullum. Ban da wanda ke ɓacewa a hanya, wanda yashi ke shanyewa tun bai isa fangalin ƙarshe ba. Yanzu tambayi rijiyarka. Duro nawa take bayarwa yau kafin ta ƙafe? Nawa za ta bayar a tsakiyar Afrilu? Nawa a Mayu?

Ga kuma fetur. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai injin ban ruwa ya san abin da kowace awa ke ci a aljihunsa. Ruwa yana yin ƙasa, inji yana ƙara wahala, mai yana ƙara tafiya. Za ka ci bashi ka shayar da fangalin da ba zai biya ka ba?

To ga maganar da ta sa na rubuta wannan. Rage lambunka. Yau. Da hannunka. Kada ka bari rana ta zaɓar maka.

Na san zafinta. Kai ka yi dashe, kai ka tsugunna kana cire ciyawa, kowane fangali kamar ɗa yake a wurinka. Amma ni na taɓa ƙin yin haka, kuma na ga abin da ya biyo baya. Wata shekara ruwa ya ja baya a rijiyarmu tun ƙarshen Fabrairu. Wani dattijo da muke iyaka da shi ya tsaya a kan shinge ya ce mini, “Yaro, saki rabi ka tsira da rabi.” Na ce, “Baba, a bari mu gani, Allah zai kawo ruwa.” Bai ƙara cewa komai ba. Na riƙa raba ɗan ruwan ga kowane fangali, kowa ya ɗan jiƙa maƙoshi. Babu wanda ya ƙoshi. Saiwa ta taso sama tana bin laimar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Da Afrilu ya kama, rana ta dafa wannan saman ƙasar, tumatir ya tafi gaba ɗaya cikin mako guda. Shi kuwa dattijon ya saki kusan rabin nasa tun da wuri, ya ƙosar da sauran, ya kai kasuwa a lokacin da kwando ya yi tsada. Na tsaya ina kallon motar da ta zo ɗaukar kayansa. Ga bashin taki a wuyana. Har yau idan na tuna, ƙirjina yakan yi nauyi. Allah yana kawo ruwa, babu shakka. Amma Shi ne ya ba mu igiya da ido da hankali.

Wanne za ka saki? Fara da wanda lokacinsa ya wuce. Latas ba ya jure bazara, zai yi tsiri ya yi ɗaci. Cire shi ka sayar yanzu, ko da bai kai girman da kake so ba. Kabejin da ya ɗaure kai, sare shi. Wanda bai ɗaure ba har yanzu, da wuya ya ɗaure. Karas da ya kai, tone shi. Albasar da wuyanta ya fara kwanciya ba ta bukatar ruwanka kuma. Yanke mata ruwa mako ɗaya ko biyu kafin cira, za ta fi ajiyuwa. Mutanen Galmi da Aliero sun san wannan tun kakanni. Ruwan da ka tsirar daga can, kai shi ga wanda ke fure ko yake ɗauke da ɗanyun 'ya'ya. A nan ne rashin ruwa ya fi yin ɓarna. Fangalin da ya fi nisa da rijiya, wanda ke kan jigawa, wanda cuta ta riga ta shiga, waɗannan su ne na gaba a saki.

Kana shirin sabon dashen tumatir yanzu? Dakata. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 24 ba, furen tumatir ba ya kamawa yadda ya kamata. Yana bushewa ya faɗi. Za ka ga shuka kore shar, ka yi ta zuba ruwa da taki, ka tashi da ganye. Idan dole sai ka shuka wani abu, shuka masu jurewa. Kuɓewa. Alayyafo, wanda za ka yanka cikin wata guda. Rama, yakuwa, lalo. Zogale a gefen shinge. Su ne 'yan gida, sun san bazara.

Sai lokacin ban ruwa. Ƙarfe nawa kake bayarwa? Idan da hantsi kake farawa ka kai azahar, kana shayar da rana ne. Tashi bayan sallar asuba. Gama kafin rana ta yi ƙarfi. Idan bai yiwu ba, bari sai bayan la'asar. Kuma ka ba da shi ya nutse. Gara ka ƙosar da fangali sau ɗaya ya ɗauki kwana biyu ko uku, idan ƙasarka mai laka ce, da ka riƙa yayyafa masa kullum. Mai ƙasar yashi ba shi da wannan damar, nasa sai a kai a kai, kaɗan-kaɗan, don yashi ba ya riƙe amana. Kada ka yarda da idonka. Saman ƙasa yana ruɗi. Tona da yatsa ko da ɗan itace, tsawon tafin hannu. Dunƙula ƙasar da ka ciro. Ta dunƙulu? Akwai sauran laima, bar shi. Ta wargaje? Ba shi ruwa yanzu.

Bi hanyar ruwanka da ƙafa. Yau. Tiyo nawa ne ke tsiyaya? Ɗaure su da roba. Ina ɓera ya huda magudana? Toshe. Ciyawar da ta cika hanyar ruwa tana sha kafin tumatir ya sha. Cire ta. Fangalin da ya karkace, gefe ɗaya tafki, ɗaya gefen busasshe, daidaita shi. Wannan aikin yini ɗaya ne. Me kake jira?

Yanzu rufe ƙasa. Wannan ita ce garkuwar da ba ta cin fetur, kuma ita ce muka fi sakaci da ita. Mun saba da share fangali tas, muna ganin tsabta ce. A bazara tsiraici ne. Ƙasar da rana ke duka kai tsaye tana yin zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi. Kai da ke da takalmi ke nan. Saiwa fa? Kwaso busasshiyar ciyawa, ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ganyen darbejiya, karan dawa da aka sassara. Fara shayar da fangalin sosai. Sannan ka shimfiɗa, kaurin yatsu huɗu. Bar ɗan fili a kewayen kara don kada ya ruɓe. Bayan kwana biyu ɗaga ka sa hannu. Za ka ji sanyi, za ka ji laima, alhali fangalin da ke buɗe a gefensa ya zama gari.

Za ka ce gara. Kowa haka yake cewa. Gara tana zuwa, gaskiya ne. Amma busasshen abu ta fi so, kuma shukar da ƙishirwa ta raunana ita take fara kayarwa. Yakubu Sawadogo na ƙasar Burkina Faso, manomin da duniya ta sani saboda farfaɗo da ƙasar da ta mutu, taki ya riƙa zubawa a ramuka don ya jawo gara, ita kuma ta huda masa ƙasa ruwa ya shiga. Manoman yankin Tawa a Nijar suna yin irin waɗannan ramukan, suna kiran su tassa. Darasin ɗaya ne ga mai lambu: kai ruwa da taki daidai inda saiwa take, kada ka watsa su a fili. Ka riƙa ɗaga ciyawar kana dubawa, ka barbaɗa toka idan ka ga gara ta matso kara. Sai dai ka hanzarta. Masu dabbobi ma suna neman wannan ciyawar. Nan da wata guda ba za ka same ta a banza ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iska ma ɓarauniyar ruwa ce. Busasshiyar iska mai zafi tana kwashe laima daga ganye kamar yadda take busar da wanki. Gyara danni. Kafa zana a ɓangaren da iskar ke shigowa. Komin iri kuwa, yi masa rumfa da kara ko ganyen kaba, wadda haske ke ratsawa. Kada ka rage wa tumatir da tattasai ganye a wannan lokaci. Ganyen ne laimarsu. Ɗan da rana ta doka kai tsaye zai yi farin tabo, ya yi laushi, dillali ya ƙi shi.

Taki fa? Ajiye buhun yuriya. Ina roƙonka. Mutum yakan ga shuka ta yi yaushi ya ce yunwa ce, ya watsa takin zamani a busasshiyar ƙasa. Ƙone ta za ka yi. Takin zamani gishiri ne, idan ba ruwan da zai narkar da shi, shi ne zai tsotso ruwa daga saiwa. Ko ya kama, zai tura shukar ta yi sabon ganye mai taushi, mai yawan shan ruwa, abincin ƙwari. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa. Ruɓaɓɓen takin gargajiya ne abokinka yanzu, shi ke sa ƙasa ta riƙe ruwa. Farin gishirin da ke bakin fangali kuwa, yayyafi ne ke tara shi. Ruwa ya tashi sama, gishiri ya zauna. Ban ruwa mai nutsewa lokaci zuwa lokaci shi ke tura shi ƙasa da saiwa.

Ka ga gindin tumatir yana yin baƙi yana loɓawa? Kada ka ruga shagon magani. Ba ƙwaro ba ne, kuma feshi ba ya warkar da shi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, saboda ruwa ne ke ɗaukar sa, kai kuma yau ka cika fangali, gobe da jibi da gata ka bar shi. Wannan rashin tsarin shi ne kuma ke sa nunannen tumatir ya tsage idan ya sha ruwa da yawa bayan ƙishirwa. Tsayar da lokaci. Rufe ƙasa. Kuɗin maganin ka sayi mai da shi.

Ƙwarin gaske kuwa suna nan tafe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Juya ganye ka duba bayansa. Yaushe rabonka da yin haka? Ka ga ɗigo-ɗigo ja masu motsi, da yana siririya kamar ta gizo-gizo? Wannan ƙwaron zafi da bushewa da ƙura yake so, kuma cikin mako guda wanda aka ƙyanƙyashe ya isa yin ƙwai. Ka girgiza shuka ka ga fararen ƙudaje ƙanana sun tashi? Su ke ɗauko cutar da ke naɗe ganyen tumatir, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa. Tuge ta, ka fitar da ita daga lambu. Buɗa wuyan albasa, akwai wasu mitsi-mitsi da ke sa ganyenta ya yi fari-fari. Ga darɓa a kan kuɓewa da kabeji.

Sannan ga sharon, ƙwaron tumatir. Wanda ya yi noman tumatir a Kadawa, Kura, Garun Malam ko Bunkure a 2016 ba ya bukatar a tuna masa. A shekarar ne gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Gonaki suka ƙone kamar an sa musu wuta. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifaniya a 2006, ya tsallako Afirka. Macensa ɗaya tana iya yin ƙwai har 260. Idan da zafi, ƙasa da wata guda ya ishe shi ya kammala zagaye ya sake hayayyafa. Tsutsarsa tana shiga tsakanin fatar ganye, inda feshi ba ya isa da sauƙi. Ka ga farar taswira a jikin ganye, da ɗan baƙin kashi a ciki? Tsinke ganyen. Kada ka yar a gefen fangali. Binne ko ka ƙone. Tsohon tumatir da ka gama tsinka ka bari a tsaye, shi ne gidan hayarsa. Tuge shi yau. Ka gaya wa maƙwabcinka shi ma ya tuge nasa, don sharon bai san iyaka ba.

Idan za ka yi feshi, yi da yamma. Feshin tsakar rana yana ƙone ganye, yana kashe ƙudan zuma, kai ma yana shiga jikinka ta gumi. Daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa bayan ganye. Yana rage ƙwari masu taushin jiki. Idan ka sayi na kanti, karanta kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, ko ka sa a karanta maka. Kada ka fesa yau ka kai kasuwa gobe. Kada ka kusanci ganyen miya da fiya-fiya. Wanda zai ci alayyafon nan ɗan wani ne. Wataƙila naka.

Akwai jarrabawar da ta fi wannan. Idan rijiya ta ƙafe, ido yakan koma kan lambatu. Masu lambun cikin birni sun san abin da nake nufi. A Kano, rafin Jakara yana ɗauke da ƙazantar gari. Rafin Getsi yana kwaso ruwan masana'antun Bompai. Ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam. Da damina ruwan sama yana tsarma su. Da bazara babu mai tsarmawa. Abin da ke gudana tsantsa ne. Za ka zuba wannan a kan latas da kabeji da karas, waɗanda ake ci ɗanye? Amai da gudawa, taifot, tsutsar ciki, ta nan suke bi su shiga gidajen mutane. Na san talauci ne ke kai mutum can, ba mugunta ba. Amma ruwan da ya canza launi, yake warin sinadari, bar shi. Idan ruwan gari ne kawai kake da shi, kada ya taɓa ganye, bi da shi ta ƙasa. Kada ka shuka abin da ake ci ɗanye da shi. Kada ka wanke kayan kasuwa a ciki.

Yanzu maganar rai. Saurara da kyau. Ruwa ya yi ƙasa, tiyo ba ya kaiwa, sai mutum ya sauke inji cikin rami don ya matso kusa da ruwa. Inji ya mutu, ya sauka ya gyara. Ko ya tura yaro. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana taruwa a rami. Mutum zai ji jiri, ƙafa ta mutu, ya kasa hawowa. Ɗan'uwansa ya ruga ya sauka ceto, shi ma ya faɗi. Haka gida ɗaya ke rasa mutum biyu, uku, a rana ɗaya. Kada ka shiga ramin da inji ke aiki a ciki, ko wanda aka kashe yanzun nan. Kada ka tura ɗanka. Idan za a yashe rijiya, a zura fitila mai wuta tukuna. Ta mutu? Babu mai sauka. Ba ta mutu ba? Wannan bai wanke ramin da aka kunna inji a ciki ba, a bar shi ya sha iska sosai. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu su riƙe a sama. Rijiyar yashi tana ruftawa ba sallama, a sa mata kwalbati ko duro kafin a ƙara zurfi. Bakinta kuma a rufe shi. Yara suna bin iyayensu lambu.

Kai ma jikinka lambu ne mai bukatar ruwa. Sa malafa. Sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba. Daga azahar zuwa la'asar nemi inuwa. Idan abokin aikinka ya fara ciwon kai, ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, kai shi inuwa, jiƙa shi, yi masa fifita, ku nufi asibiti. Kada ku ce gajiya ce.

Ku da kuke shan rijiya ɗaya ko magudana ɗaya, kun zauna kun yi magana? Ku zauna a wannan makon. Masu shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama gina ta a 1974, sun san cewa na bakin kanal yana ƙoshi, na ƙarshen layi yana jira. Haka yake a kowace fadama. Injuna biyar suna ja lokaci guda daga ƙasa ɗaya, kowa rijiyarsa ta faɗi. Ku raba lokaci. Wane da asuba, wane da yamma, wane gobe. Ku sa sarkin noma ko mai unguwa ya shaida. Ku haɗa da makiyayan da ke shayar da dabbobi a wurin, ku bar musu hanya da mashaya tun shanu ba su ji ƙanshin ɗanyen ganye sun karya shinge ba. Maganar da za a yi cikin sanyi a Maris, a Mayu da sanda ake yin ta.

Uwargida, ke ma da ke nake. Ɗan lambun bayan ɗaki, zogale da alayyafo da tattasai a buhu ko a tsohon bokiti, shi ke rage miki kuɗin cefane. Kada ki bari ya mutu. Tara ruwan alwala a kwano. Ruwan wankin shinkafa da na ganye, kada ki zubar a kwata. Amma ruwan omo da na bilic da mai gishiri, nesa da shuka. Janye buhunan zuwa inda za su sami ranar safe su tsira daga ta azahar. Ɗaga su daga kan siminti, yana dafa saiwa. Kina da tsohon tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba? Binne shi har wuya. Cika shi da ruwa. Rufe bakin da faifai ko murfi saboda sauro. Shuka a kewayensa. Zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali daidai inda saiwa take, ke kuma ki ƙara bayan 'yan kwanaki. Gorar roba da aka huda da allura aka binne ita ma tana yi.

Saura tarko ɗaya, kuma shi ya fi kama masu hankali. Wata rana a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu hadari zai haɗo daga gabas. Iska za ta taso, ƙura ta turnuƙe, ruwa ya sauka. Gari zai yi ƙamshi. Yara za su fita suna tsalle. Kai kuma za ka ce an gama, ka naɗe tiyo, ka kwashe ciyawa, ka ba da aron inji. Kada ka yi. Ruwan farko yakan yi sau ɗaya ya ɗauke mako biyu, mako uku. Zafin da ke biyo bayansa ya fi na baya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kwanakin da ake sa ran ruwa zai kankama a kowace jiha. Saurari rediyo. Tambayi malamin gona. Washegarin ruwan farko kuma, ɗauki fartanya ka tona a fangalin da ba ka shayar ba. Idan laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, tayar da inji kamar yadda ka saba. Bar ciyawar a inda take. Ci gaba da zura igiya duk kwana 7, har ranar da ka ga ƙulli ya fara dawowa sama.